Bindigar da Ta Ƙi Tashi

A shagon mafarauta na garinmu a Pennsylvania, wata mata tana kan layi riƙe da doguwar bindiga irin ta kakanni, wani tsoho yana bayanta.

"'Yata, sayarwa za ki yi?"

"Eh, Baba. Mahaifina ne ya ƙera ta. Shekara uku yana fama, bai ko gwada ta ba ya rasu. Sau goma ina jan kunama, ko tari ba ta yi ba. Ashe wahalar banza ya sha."

"Wane albarushi kika ɗura mata?"

"Na zamani mana. An ce ya fi tsabta."

"Ina! Ai wannan mai dutsen ƙyastu ce. Tartsatsin dutse ba ya kama na zamani. Baƙin albarushi take so, na asali."

"Mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ɗin nan?"

"Shi fa. Shekara arba'in matata tana korata da tsintsiya saboda warinsa. Yanzu ko a tsakar ɗaki na wanke bindiga, babu mai ce mini uffan."

"Allah ya ji ƙanta, Baba."

"Amin. Miƙo in gani. Kai, wannan hannun gwani ne! Ki same ni filin harbi ranar Asabar, mu ji muryarta."

"In ta sake ƙin tashi fa?"

"Ki taho da tsintsiya."

Da layi ya iso kanta, ta rungume bindigar, ta ce wa mai shago, "Baƙin albarushi. Mai warin."