Maganin Da Na Kankare Da Cokali

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Sunana Rifkatu. Tsofaffin ikilisiyar nan sun san ni tun ina dafa wa direbobin manyan motoci abinci a Kalambaina, zamanin mulkin soja.

Wata safiya kaskon mai ya kife mini a ƙafar hagu, daga gwiwa har idon sawu. Wata uku ina kwance a asibiti, ƙunar ta ƙi warkewa. Duk ranar da aka ɓamɓare bandeji sai ya taho da ɗanyar fata. Har aka fara maganar yanke ƙafar.

Zuciyata kuwa ta fi ƙafar lalacewa. Na ce sammu aka yi mini. Kowa na kalla sai in ga hannunsa a ciki. Ko matan zumunta suka kawo mini abinci, suna fita nake zubarwa.

Ana haka wani likita Basakkwace da ya dawo karatu daga Turai ya zo da wani magani mai santsi, garai-garai kamar ƙaron da aka jiƙa.

Ya ce, “Inna, wanga da ciyawar teku aka yi shi. Yana riƙe ruwa, ciwon ya zauna da laima, sabuwar fata ta samu ta tsiro.”

Na ce, “Likita, tun da aka haife ni na san sai gyambo ya bushe yake warkewa. Kai kuma jiƙa shi za ka yi? Wa ka taɓa sa wa?”

“A garin nan ke ce ta farko.”

Shi ke nan! Na ce a raina gwaji zai yi da ni, don ya ga ni Kirista ce, kuma ba 'yar gari ba. Ya sa mini ya ɗaure. Yana juya baya na kwance bandejin, na kankare maganin da cokali, na mayar na ɗaure. Sau biyu na yi haka. Allah ya gafarta mini!

Zuwansa na uku ya buɗe ya ga jini, maganin kuma an kankare shi. Ya dube ni ya ce:

“Inna, saura ƙunshi huɗu na maganin gare ni. In sun ƙare, ba ni da abin da zan hana a yanke.”

Mama Ladi, shugabar zumuntarmu, tana zaune bakin gadon. Da ya fita ta kama hannuna.

“Rifkatu, wata uku muna roƙon Ubangiji ya aiko da taimako. Ke kika zaɓa masa wanda zai aiko?”

Na fashe da kuka. Na ce, “Ya Yesu, ban yarda da mutumin nan ba, ka sani. Amma na yarda da kai. Ga ƙafar.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, ko da ya sake sa mini, idona na kan hannunsa. Amma ban sake taɓa bandejin ba.

Ranar da ya buɗe, bandejin ya zame, ko zafi ban ji ba. Ya nuna mini gefen ciwon, ga fata ja-ja-jur tana rarrafowa! Ƙunshi na ƙarshe shi ya rufe wurin.

Shekara nawa yau, da ƙafar nan na tako daga Arkilla na zo sujada. Halleluya! Godiya ta tabbata ga Ubangiji. Ɗan'uwa, in ka roƙa, kada ka kori amsar don ba ka san fuskarta ba. Ka dogara gare shi. Amin.