Irin Gyaɗar Jami'a a Tashar Magariya

A tashar Magariya, Hambali manomin Guci yana jiran mota ta cika, kusa da wani ɗan boko, irin waɗanda ake kira Mushe, da ke zaune bisa buhu yana share gumi.

"Mushe, me ke cikin buhun nan?"

"Irin gyaɗa ne, Baba, na jami'armu. Kuturtar gyaɗar da ta cinye gonakinku bara ba ta kama shi. Sabon shugabanmu ya ce bincike ya daina kwana a takarda, a kai shi kasuwa."

"Ya yi magana. Tiya nawa ka sayar?"

"Kasuwa uku na ci. Ko ɗaya."

Hambali ya fasa ƙwaya da haƙori, ya duba.

"Irin na da kyau, amma shugabanku bai taɓa riƙe hauya ba. Mu ba ma sayen irin da ba mu gani tsaye a gonar maƙwabci ba."

"Sayarwa ya ce, ba kyauta ba."

"Ka faɗa masa gonata na bakin hanyar kasuwar Guci. Auna min tiya in shuka, kowa ya gani. Baɗi war haka, manoma ne za su yi gumin nemanka."