Katakon Manyan Baƙi

A ƙofar wani tsohon gida na zamanin haƙar kuza a Jos, na yi kamar ina karanta allon bayani, ina sauraren wata mata mai keken guragu da maigadi.

"Baba, ta ina zan shiga? Matakala har huɗu."

"Hajiya, akwai katakon da ake ɗorawa, amma oga ya kulle shi. Sai manyan baƙi sun zo."

"Su ma a keke suke zuwa?"

"A'a, hotonsa suke ɗauka."

"A gidan nan aka haife ni, ɗakinmu kawai nake son gani. To, in sun zo ka kira ni. Hoton zai fi kyau da gurguwa a kai."

"Wallahi irinki oga yake nema! Ran Asabar kina nan?"