Rigar da Aka Tuɓe wa Iliyasu a Kasuwa

Habsatu ta sauka! Namiji ne! Da asubar nan, liman bai sallame ba yaron ya faɗo, yana tsala kuka har bayan katanga. Uwa lafiya, ɗa lafiya. Jama'a, ni Ummaru na yi jika. Marigayi Iliyasu ma ya yi jika.

Ku yi mini gafara. Na san sadakar arba'in muka taru yi, kuma ba haka na rubuta farkon jawabin nan ba. Maganar ce ta ƙi zama a ciki. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaida wakilin Sarki, ranka ya daɗe. Ina gaida mai gari. Ina gaida Malam Liman da malaman da suka yi mana saukar Alƙur'ani tun hantsi, Allah ya saka da alheri. Ina gaida alhazai da dattawan unguwa, da dangin marigayi da suka taso daga Yauri da Kance. Ina gaida malamin boko Mushe Ɗanladi, wanda ya zaunar da mu masu furfura a kan bencin lakwal, makarantarsa, da yamma har muka iya riƙe alli. Ku ma gardi biyu, 'yan tsaron hukuma, da ke tsaye gindin tsamiya, sannunku da tsayuwa, ga tabarma idan kun gaji.

Mutum biyu ba su cikin taron nan. Baiwa, matar marigayi, tana takaba, ba ta fita. Hamisu, ɗansa, mijin 'yata Habsatu, yana Kano, bai samu zuwa ko jana'iza ba. Mushe ya yi alkawarin kwafe wannan jawabi a aika masa.

Mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, ba a ƙofar gidan mamaci ba kamar yadda aka saba, kuma kowa a nan ya san dalili. Shekara guda ke nan mutanen Matameye ba su taka zauren Iliyasu. A cikin gidan nan aka haifi yaron yau. Abin da ya tsayar da ni gabanku ke nan.

Iliyasu abokina ne tun muna kiwon awaki. Ya kasance maɗinki, mai aikin hannu a wuyan riga da aljihu. Kowane rani yakan tafi Kano ya zauna cikin maɗinka, damina ta dawo da shi gona. Ku duba rigunan da ke jikinku yau, da yawa allurarsa ce ta bi ta kansu. Ya kasance idan maraya zai yi aure, shi ke cewa a kawo ƙyallen. Ya kasance shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta, shi ya fara ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Ya kasance mai zaure cike, ana hira ana gardama, shi kuwa kansa a sunkuye yana ɗinki, sai ya jefo magana guda kowa ya kwashe da dariya. Da muka zama surukai aka ce ya kamata mu riƙa jin nauyin juna. Mun gwada, ba mu kai Juma'a ba.

Bara, da aka ce za a jefa ƙuri'ar Wi da No, wato i ko a'a kan ci gaba da zama da Faransa, ya same ni ina bitar karatuna a ƙofar gida. Ya ce, "Suruki, kai da ka tsufa a kan bencin yara, zana mini a'a da nasaranci."

Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa: N, O, N. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe shinge biyu ne da ƙwai a tsakiya. Wannan kake zuwa koyo kullum da yamma?"

Na ce, "Me za ka yi da shi?"

Ya ce, "An yi mana tambaya, zan ba da amsa. Muryata ba ta kai Faransa, amma riga kowa na ganinta."

Na ce, "Ni fa Wi zan jefa."

Ya ce, "Jefa abinka. Kai dama tun muna yara ba ka taɓa ce wa tuwo a'a ba."

Ya ɗinka baƙaƙen uku da shuɗin zare a ƙirjin farar rigarsa, inda ake zuba adon aska. Ya yi ta yawo da ita har ranar ƙuri'a, ba wanda ya tare shi. Wasu ma sun sa zane mai Wi, su ma ba wanda ya tare su.

Akwai abin da nake so ku sani, don na ji ana cewa tsokana ce ta kai shi. A kwanakin nan samari sun zo masa da ƙyalle, suka ce ya ɗinka musu kare sanye da rawani, su sa ranar kasuwa don cin fuskar masu sarauta. Ina zaune a wurin. Ya miƙa musu kayansu ya ce, "Ku kai wani wuri. A'a tawa ce, na faɗe ta. Zagin uban wani ba nawa ba ne." Shi ya san inda ra'ayi ya tsaya, inda cin mutunci ya fara. Da kansa ya ja wa kansa iyaka tun hukuma ba ta ja masa ba.

Aka jefa ƙuri'a, mu masu Wi muka rinjaya. Kowa ya ninke abinsa ya sa a adaka. Iliyasu bai ninke ba. Na ce masa ya ajiye ta, ya ce, "An gama ƙuri'a, ba a gama riga ba. Ko tsufa ba ta yi ba."

Ranar kasuwa, lokacin awon gyaɗa, wani jandarma, ɗan sanda Nasara, ya tare shi, da tafinta da gardi a bayansa. Tafinta ya ce, "An ce maka wannan tufa ta tsokana ce, tana tada hankalin jama'a."

Iliyasu ya waiga dama da hagu ya ce, "Hankalin wa ya tashi? Ga mai ƙuli can tana gyangyaɗi."

Tafinta ya ce, "Baba, ka rufa wa kanka asiri. An ce ka juya rigar baibai, ka wuce gida."

Iliyasu bai yi musu ba. Ya cire, ya juya, ya mayar. To, wanda ya san aikin hannu ya san zare ratsa ƙyalle yake yi. Sai ga shinge biyu da ƙwai a tsakiya, raɗau a ƙirjinsa. Shingen sun ɗan karkata ta wani gefen, amma kowa ya karanta. Jandarma ya ce a cire a riƙe ta ƙasa a sama. Gardi ya ɗaga ta haka. Sai ga ta nan dai, N, O, N. Wani malami daga rumfar masu goro ya ce, "Ai ko daga dama ka faro ta kamar ajami, ita ce dai."

Kasuwa ta fashe da dariya. Mu ne muka yi dariyar nan, jama'a. Iliyasu ko murmushi bai yi ba, yana tsaye yana jiran a ba shi rigarsa. Ba a ba shi ba. Aka tasa shi gaba, dattijo mai furfura, daga shi sai wando, aka ratsa da shi ta masu hatsi, ta masu nama, har bakin mota. Kafin motar ta tashi dariya ta mutu, kowa ya koma kan awonsa.

Ni karatuna na tsufa ne, ban san doka ba. Amma har yau ina tambayar kaina. Rigar nan ita ce ya sa wata guda ba laifi. Zarenta bai ƙaru ba, baƙaƙen ba su zama huɗu ba. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ambaci sunan kowa ba. Da safe ra'ayi ce, da hantsi ta zama laifin kaso, wato kurkuku. Idan don hankalin jama'a ne, mu jama'ar dariya muka yi. Idan don dariyar ce, to mu ya kamata a kama.

Ya dawo daga kaso da farkon damina, ya rame, yana tari. Ya share zaurensa, ya shimfiɗa buzu, ya zare allura ya zauna. Ba wanda ya kawo ɗinki. Masu hira suka sake hanyar zuwa masallaci don kada a gan su a ƙofarsa. Hamisu ya gaji da kiran da hukuma ke yi masa ana tambayarsa su wa ke zuwa gidan, ya tsallaka iyaka. Ban zo in ɗora wa kowa laifi ba. Kowa na da iyali, kowa na tsoron a rubuta sunansa. Ni ma da kuka ga ina shiga, ba jarumta ba ce, 'yata ke ciki.

Nakan tarar da shi yana warware wuyan tsohuwar riga yana sake ɗinkewa, don kada hannu ya manta. Da ya ji takun mutum a waje sai ya ɗaga kai, ya gyara zama, ya jawo tabarmar baƙi. Takun ya wuce. Ya mayar da kai. Wata rana ya ce mini, "Suruki, kaso ya fi nan mutane."

Ya kasance bai taɓa cewa ya yi nadama ba, kuma bai taɓa kiran sunan ɗayanku da sharri ba. Idan na kawo masa labarin wani ya yi sabuwar riga a wurin wani maɗinki, tambayarsa ɗaya ce: "Wuyan ya zauna?" Ranar da ya cika, ni ne da Baiwa da Habsatu a kansa.

Bisa al'ada, cikin fari a gidan iyaye ake goyonsa. Na aika a ɗauko Habsatu tun watan bakwai, ta ƙi zuwa. Ta ce, "Baba, idan na tafi, Inna Baiwa da wa za ta yi magana?" Na ji haushi a lokacin. Yau na gode mata.

Baiwa, na san mata za su kai miki abin da na faɗa. Ki yi haƙuri, mijinki bai bar miki abin kunya ba. Hamisu, idan wannan ya iske ka, ɗanka yana da hancin kakansa, kuma ranar suna Iliyasu za a raɗa masa. Ba Maikano ba, ba wata alkunya. Da sunan za a kira shi a kasuwa.

Na gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Iliyasu, ya yalwata masa kabari, ya ba shi maƙwabtan da ba su gudun zaurensa. Allah ya raya abin da aka haifa. Allah ya cire mana tsoron da ya raba mu da juna. Amin.

Saura abu guda. Mai takaba ba ta fitowa, mai jego ba ta fitowa, jariri ba ya tafiya. Idan ba mu je ba, ba wanda zai yi musu barka. Baiwa ta share zaure tun da yaron ya faɗo, ta fito da tabarmin gidan duka ta shimfiɗa, ba ta san ko mutum ɗaya zai zauna a kai ba. Mata su shige ciki, mu maza mu zauna a zaure a miƙo mana shi. Ranka ya daɗe, Malam Liman, Mushe, har ku na gindin tsamiya, idan za ku rubuta sunaye ku fara da nawa, Ummaru, na iya rubuta muku da kaina. Ku taso ku zo ku ga jikana. Ni na yi gaba.