Kujerar Baya

A wajen baje kolin tsofaffin motoci a Nairobi, wani dattijo ya leƙa cikin wata doguwar motar alfarma. Mai ita tana gefe tana goge ta.

"'Yata, wa ya sa fata a kujerar baya?"

"Ni ce, Baba. Ba fata ce ta manya ba?"

"Ina! Fata ta direba ce, don shi ruwa ke duka. Ba ki ga gabanta ba rufi ba? Maigida kan lallausan ulu yake zama, ruwan toka."

"Har launin ka sani? Ka taɓa shiga ke nan?"

"Kullum, shekara sha tara."

"To, akwai daɗin zama?"

"Oho. Ni ne na gaban. Baya shara nake shiga yi."