Rogon Bakin Gona

A bencin jiran likita wata mata tana ta leƙen ƙofar da aka shiga da ɗanta. Kusa da ita akwai wani tsohon manomi, ƙafarsa naɗe da tsumma.

"'Yata, me yaron ya ci?"

"Rogo ne kawai, Baba. Na dafa shi ya yi luguf, sai ga amai da jiri."

"Da ɗaci?"

"Kaɗan. Na ƙara masa gishiri."

"Gishiri! Wannan irin sai an fere shi, an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, sannan dafin ya fita. Wane marar imani ne ya sayar miki?"

"A kasuwa na saya."

"Wa zai kai shi kasuwa? A bakin gona muke dasa shi, mai daɗin yana can tsakiya. Duk ɓarawon da ya tona..."

"Ɓarawo? Kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidana ba, na tono abin da yara za su sa a baki, shi ne sata? Ashe kuna sane kuke dasa guba a bakin hanya!"

"Don birai ne."

"Yanzu ka ce ɓarawo."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago.

"Duka ya cinye?"

"Ina! Na rufe wa yayyensa saura, in sun taso daga makaranta..."

Ta miƙe zumbur. Ta dubi agogon bango, ta dubi ƙofar likita.

"Ruga, 'yata," in ji tsohon. "Wannan ni zan jira shi."