Muryar Marigayiya a Faifan Ɗana

Assalamu alaikum Malama mai gabatar da shiri. Ni direban tasi ne a unguwar Flatbush, a nan ƙasar waje. Ɗana Nura yana kaɗa jita a ƙungiyar kiɗan Turawa da ake kira rok, masu dogayen waƙoƙin nan. Ya kawo mini faifansu na farko, na saka a mota.

Ana tsakiyar waƙa kiɗan ya tsaya cak. Sai muryar matata da ta rasu bara: "Nura, ka dawo gida, tuwo zai huce." Ashe tsohon saƙon murya ne da ta bar masa a waya ya saka a waƙar.

Na kira shi da faɗa. Ya ce, "Baba, tsoro nake in manta muryarta."

Yanzu kullum sai na saurara. Jama'a, in sa ya cire, ko in bar ta ta ci gaba da kiransa gida?